Idan Ketamin Ya Cinye Mafitsara: Abin da Wuƙar Likita Ke Iya Gyarawa

A yini guda ƙodojin babban mutum kan tace fitsari kimanin lita ɗaya da rabi, kusan mililita ɗaya ke nan a kowane minti, ba dare ba rana. Abin da ya sa ba ma jin wannan ɗigon shi ne mafitsara, wadda ke buɗewa sannu a hankali kamar salka, tana karɓa tana ajiyewa har mililita 400 zuwa 600 ba tare da ta takura mai ita ba. Shi ya sa mutum ke iya zaman aji, ya yi doguwar tafiya, ya kwanta ya yi barcinsa har asuba.

To a ce wannan salkar ta bushe ta ƙanƙance, ba ta ɗaukar abin da ya wuce mililita 50, wato babban cokali uku zuwa huɗu. Kafin awa guda ta cika. Kuma da yake cikinta duk gyambo ne, ba ta ma jira ta cika: da fitsari ya taɓa ta sai raɗaɗi ya tashi. Akwai matasa 'yan shekara ashirin da 'yan kai da ke shiga bayi duk bayan minti goma ko sha biyar, suna fitsarin jini, wasu har sun koma saka ƙunzugun manya. Abin da ya kai su nan shi ne ketamin, kuma wasunsu ba su da sauran mafita sai tiyata irin wadda a da aka fi yi wa tsofaffi masu sankarar mafitsara ko waɗanda suka samu rauni a laka.

Ketamin magani ne na gaske, kuma mai daraja. An haɗa shi a 1962 a Amurka, aka amince da amfani da shi a 1970, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Da shi ake sa marar lafiya barci a yi masa aiki a wuraren da ba su da manyan na'urori, domin ba ya danne numfashi kamar sauran magungunan sa barci. Likitocin dabbobi ma da shi suke aiki. Ina so a riƙe wannan tun daga farko, domin kada wani ya ji an ce za a yi masa allurar ketamin a asibiti ya tsorata. Allura ɗaya ta ɗakin tiyata ba ta lalata mafitsara. Ɓarnar tana zuwa ne daga shaƙar garinsa don maye, da yawa, a kai a kai, wata da watanni ko shekaru.

An daɗe ana shaƙarsa kafin likitoci su gane abin da yake yi. Sai a 2007 wasu likitoci a Toronto ta Kanada suka wallafa bayanin mutum tara masu shan ketamin kullum, dukkansu da mafitsara mai gyambo. A shekarar ne kuma likitocin Hong Kong suka ba da irin wannan labari, a 2008 suka biyo da bayanin mutum 59, kusan rabinsu fitsari ya riga ya fara taruwa a ƙodarsu tana kumbura. Wani bincike da aka buga a 2012 a Birtaniya ya nuna cewa cikin masu shan ketamin da aka tambaya, kimanin ɗaya cikin huɗu na fama da wata matsalar fitsari. Wannan ɓarna na cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta tsaurara dokarta a kan ketamin a 2014.

Yadda ɓarnar ke faruwa ba shi da wuyar fahimta. Hanta ce ke narka ketamin, ƙoda kuma ta zubar da shi da ragowarsa cikin fitsari. Ke nan duk abin da aka shaƙa ta hanci, ƙarshensa ya je ya kwanta a mafitsara na tsawon awanni. Cikin mafitsara akwai wata siririyar fata mai santsi da ke hana fitsari ratsawa ya taɓa tsoka da jijiyoyi. Wannan fatar ce ketamin ke fara ci. Da ta saɓule, sai fitsari ya riƙa shiga naman kai tsaye, kumburi ya tashi, ƙananan hanyoyin jini su lalace, jijiyoyin jin zafi su ƙaru su kuma ƙara kaifi. Jiki kuwa hanya ɗaya ya sani ta ɗinke rauni: tabo. Duk wanda ya taɓa ganin tabon ƙuna a gwiwar hannu ya san tabo ba ya miƙewa, janyewa yake yi. Haka bangon mafitsara ke yin kauri ya taurare, tsoka mai naso ta koma kamar busasshiyar fata.

A nan ne iyakar da komai ya rataya a kanta take. Kumburi na warkewa idan an daina shan abin da ya jawo shi. Tabo ba ya komawa tsoka. Duk maganar tiyata tana farawa ne daga ranar da mafitsara ta tsallaka daga kumburi zuwa tabo.

Abin da ya fi ba ni tausayi a wannan ciwo shi ne tarkon da ke cikinsa. Ketamin maganin kashe zafi ne mai ƙarfi. Idan mara ta ɗauki wuta, mai ciwon ya san abu ɗaya da zai kwantar masa da ita cikin minti kaɗan, kuma shi ne abin da ke hura wutar. Ya sha don ya samu sauƙi, sauƙin ya gushe, ciwon ya dawo ya fi na da. Mutane da yawa da suka fara sha don nishaɗi, a ƙarshe suna sha ne kawai don su iya yin fitsari ba tare da kuka ba. Wanda bai fahimci wannan ba zai riƙa ce wa marar lafiya “ai sai ka daina” kamar abu ne na kashe fitila.

Sannan ga ɓata lokaci wajen gano cutar. Matashi ya zo da zafin fitsari, sai a ɗauka ciwon sanyi ne, a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ya dawo, a canza masa wani. Awon fitsari kuma sau da yawa ba ya nuna wata ƙwayar cuta. Likita bai tambayi maganar shaye-shaye ba, shi kuma kunya ko tsoron hukuma ta hana shi faɗa. Haka ake cinye watannin da mafitsara za ta iya farfaɗowa a cikinsu. Dole kuma a tabbatar ba wata cuta ba ce mai kama da ita, irin su tarin fuka na hanyar fitsari, tsargiya, tsakuwa ko sankara. Akwai ma wani abin lura: idan aka yanki ɗan naman mafitsarar aka duba a madubin likita, yakan yi kama da farkon sankara, don haka mai dubawa na bukatar a gaya masa tarihin marar lafiyar.

Matakin farko na magani ba wuƙa a ciki. Daina sha ne, tare da taimakon masu kula da matsalar shaye-shaye, da magungunan rage zafi da na kwantar da mafitsara, wani lokaci kuma a riƙa ɗura wani ruwa mai yauƙi a cikinta don ya maye gurbin santsin da ya saɓule. A binciken nan na 2012, kusan rabin waɗanda suka daina sun ce sun samu sauƙi. Rabi ba kaɗan ba ne. Amma sauran rabin fa? Su ne ake kai wa likitan tiyatar hanyoyin fitsari.

Shi kuma likitan, abin da zai ba marar lafiya mamaki, ba mafitsara ce farkon damuwarsa ba. Ƙoda ce. Mutum na iya rayuwa babu mafitsara, amma ba ya rayuwa babu ƙoda sai da na'urar wankin ƙoda ko dashe. Daga kowace ƙoda akwai siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 da ke gangaro da fitsari zuwa mafitsara. Fitsarin na sauka ne saboda matsin da ke cikin mafitsara kaɗan ne. Idan ta taurare, ɗan fitsari kaɗan sai ya ɗaga matsin sama. Tun farkon shekarun 1980 likitoci suka gane cewa matsin da ya zarce na ruwa mai tsayin santimita 40 yana jefa ƙoda cikin haɗari. Sai fitsari ya kasa sauka, ko ma ya riƙa komawa sama. Bugu da ƙari, ketamin kan ci su kansu bututan, su tsuke da tabo. Ƙoda ta kumbura, namanta ya riƙa sirancewa, kuma sau da yawa a shiru take mutuwa, hankalin mai ita duk yana kan zafin mara.

Idan hoto da awon jini suka nuna haka, ba a jira. Hanya biyu ce. Ko a zura siririyar roba mai lanƙwasa a kai biyu ta cikin bututun, kai ɗaya a ƙoda ɗaya a mafitsara, ko kuma a huda ta baya, ta kwiɓi, a saka roba kai tsaye cikin ƙoda fitsari ya riƙa zuba a jaka. Ta farkon ba a ganinta a waje, amma ƙarshenta na gogar mafitsarar da dama a ɗanye take, kuma idan matsin ƙasa ya yi yawa ba lallai ta sauke wa ƙoda nauyi ba. Ta biyun ta fi tabbas wajen ceton ƙoda, sai dai rayuwa da jaka a kwiɓi ba daɗi. Dukkansu ana canza su bayan 'yan watanni, kuma robar da aka manta da ita a ciki tsakuwa take tarawa ta zama sabuwar masifa. Waɗannan ba gyara ba ne, sayen lokaci ne. Ana yi wa kowa, ko ya daina sha ko bai daina ba, domin rai ake ceto.

Akwai ƙananan ayyuka biyu da ake gwadawa ta hanyar fitsari ba tare da yanka ba. Ɗaya shi ne a sa mutum barci a ɗura ruwa a mafitsara don ta ɗan buɗe. Ɗayan kuma allurar Botox ce a bangonta, wadda ke sassauta tsoka ta rage zafi na wasu watanni. Suna taimakon wanda har yanzu yake da tsoka. Wanda bangonsa ya zama tabo zalla, ba abin da za su yi masa, ɗura ruwan ma na iya yaga ta.

Daga nan sai babban aiki, wato faɗaɗa mafitsara da hanji. Dabarar tsohuwa ce. Tun ƙarshen ƙarni na 19 aka fara gwada ta, ta kuma bazu a shekarun 1950 don masu mafitsarar da tarin fuka ya ƙanƙance. Likita zai buɗe ciki, ko ya shiga ta ƙananan huji da na'ura. Sai ya tsaga mafitsara daga gefe zuwa gefe ta buɗe baki biyu. Ya je ga ƙarshen ƙaramin hanji ya yanko yanki mai tsawon kimanin santimita 20 zuwa 25, amma ba ya raba shi da jijiyoyin jininsa, yana nan rataye da su kamar reshe a jikin itace. Ya haɗe bakunan hanjin da suka rage don abinci ya ci gaba da wucewa. Yankin da ya ciro kuma ya tsaga shi a tsaye ya shimfiɗa kamar ƙyalle, ya naɗe, ya ɗinka a bakin mafitsarar da ya buɗe, kamar yadda tela ke ƙara wa rigar da ta matse ƙyalle a gefe.

Wannan tsagawar da ake yi wa hanjin ita ce hikimar aikin. Hanji a yadda yake bututu ne mai matsawa, aikinsa tura abinci gaba. Da za a ɗinka shi a haka, da zai riƙa matse fitsari ya ɗaga matsi, an gudu ba a tsira ba. Idan aka tsaga aka naɗe, matsawar ɓangarorinsa sai ta riƙa kashe juna, a samu jaka mai faɗi marar matsi. Ƙoda ta huta, mutum ya samu wurin ajiye mililita ɗari uku, ɗari huɗu ko fiye.

A mafitsarar ketamin akwai ƙarin tunani. Idan aka bar tsohon bangon mai gyambo aka yi masa faci kawai, zafin na iya zama daram, domin daga bangon yake fitowa. Shi ya sa likitoci da yawa ke yanke mafi yawan mafitsarar su bar gindinta kaɗai, inda bututan ƙoda ke shigowa da inda fitsari ke fita, su ɗora jakar hanji a kai. Idan ƙarshen bututun ƙoda ya tsuke, a yanke wurin a sake dasa shi. Idan tsukewar ta yi tsawo, shi ma da hanji ake musanya shi. Bayan aiki mutum kan yi mako ɗaya zuwa biyu a asibiti, robobi kuma su zauna kimanin mako uku, sai an ɗauki hoto an ga ɗinki ba ya yoyo kafin a cire.

Sakamakon kan yi kyau ƙwarai ga wanda aka zaɓa da kyau. Likitoci a Taiwan, inda aka yi wannan aiki da dama, sun ba da rahoton cewa mafitsara ta ƙara ɗauka sosai kuma zafi ya ragu ga akasarin marasa lafiyarsu. Mutumin da ya shekara bai yi barcin awa biyu a jere ba, ya kwana har gari ya waye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na son abin da zan faɗa a gaba ya rage masa daraja.

Sai dai hanji, ko an sauya masa wuri, bai manta shi hanji ba ne. Yana ci gaba da fitar da majina, wadda ke taruwa cikin fitsari ta toshe hanya ta zama tushen tsakuwa, don haka sai an riƙa wanke jakar da ruwa. Ƙwayoyin cuta na zama a cikinsa dindindin. Ba shi da ƙarfin matse fitsari ya fitar, saboda haka da yawa sai sun koyi zura wa kansu siririyar roba sau huɗu zuwa shida a yini har ƙarshen rayuwa. Wannan dabara ta zura roba mai tsabta da hannun mutum, wadda wani likitan Amurka mai suna Jack Lapides ya yaɗa a 1972, ita ce ta sa irin wannan tiyata ta zama mai yiwuwa ga mutane da yawa. Likitan kirki ba ya yin aikin sai ya ga marar lafiya ya iya, kuma ya yarda zai riƙa yi. Wanda zafi ba zai bar shi ya zura ta hanyar fitsari ba, akwai dabarar likitan Faransa Paul Mitrofanoff ta 1980: a ɗauki afendis, ɗan siririn tsiron nan da ke jikin babban hanji, a mayar da shi siririyar hanya daga mafitsara zuwa cibiya ko gefen mara, ta nan za a riƙa zura robar, kuma ba ya yoyo.

Mafi muhimmanci, aikin hanji tsotsa ne. Mafitsara an halicce ta ta hana komai komawa jini, hanji kuwa an halicce shi ya shigar da komai cikin jini. Idan fitsari ya kwanta a cikinsa, sai ya riƙa mayar da wasu gishirai da ƙoda ta riga ta zubar, jini ya yi tsami, a daɗe ƙashi ya yi rauni. Ƙoda mai lafiya na iya gyara wannan. Ƙodar da ta riga ta raunana ba za ta iya ba, shi ya sa wanda ya makara har aikin ƙodarsa ya faɗi sosai ba a yi masa wannan tiyatar. Jinkiri na rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu a haɗa wannan tsotsa da komawa shan ketamin. Abin da ƙoda ta zubar zai sauka a jakar hanji, hanji ya sake mayar da shi jini, ya sake zagayowa. Gindin mafitsarar da aka bari da bututan ƙoda su ci gaba da lalacewa. Ga kuma haɗarin da ya fi gaggawa: mai maye ba ya jin cikar mara, ba ya tuna lokacin zura roba. Jakar hanji idan ta cika ta wuce kima tana iya fashewa, fitsari mai ƙwayoyin cuta ya malale cikin ciki, kuma wannan na kisa. Likitocin Hong Kong sun ba da labarin waɗanda aka yi wa aikin suka koma sha, ƙarshensu bai yi kyau ba.

Wannan ne ya sa akasarin likitoci ke gindaya sharaɗi: ba za a yi babban gyara ba sai mutum ya nuna ya daina na tsawon lokaci, galibi wata shida ko fiye, a kuma tabbatar da awon fitsari ko na gashi. Na daɗe ina juya wannan sharaɗi a raina, domin ta wata fuskar yana kama da rashin tausayi. Kana ce wa mutumin da ke cikin azaba ya bar abu ɗaya da ke ba shi sauƙi, ya jure rabin shekara, sannan a taimake shi. Gaba kura baya siyaki. Duk da haka ina ganin sharaɗin daidai ne, kuma ba horo ba ne. Dalili na farko, wasu idan suka daina na watanni sai mafitsarar ta farfaɗo har ba a bukatar yankan, kuma babban kuskure ne a cire wa ɗan shekara 22 abin da zai iya warkewa. Na biyu, hanjin da za a iya ara ƙididdigagge ne. Idan aikin farko ya lalace, na biyu ya fi wuya ya fi haɗari.

Inda nake ganin laifi shi ne a gindaya sharaɗin sannan a sallami mutum ya tafi ya cika shi shi kaɗai. Wata shidan nan aikin asibiti ne kamar yadda ranar tiyata take aikin asibiti. Marar lafiyar yana bukatar likitan zafi da zai nemo abin da zai maye gurbin ketamin, kuma wannan da wuya: magungunan kashe kumburi na iya cutar da ƙodar da ta raunana, masu kashe zafi mai tsanani dangin mofin kuma na iya zama sabon kamu ga wanda dama yake fama da wani. Yana bukatar likitan ƙwaƙwalwa, domin da yawa baƙin ciki ko wani tsohon rauni na zuciya ne ya kai su ga sha tun farko. Yana bukatar mai duba hanta, saboda ketamin na lalata hanyoyin maɗaciya, abin da ke jawo murɗawar ciki mai tsanani. A Hong Kong tun 2011 aka buɗe cibiya ta musamman don matasa masu wannan ciwo, inda likitocin fitsari ke aiki tare da masu taimakon daina shaye-shaye. A ganina duk inda za a yi wannan tiyata, irin wannan haɗin gwiwa ya kamata a fara ginawa kafin a wasa wuƙa.

Akwai waɗanda faɗaɗawa ba za ta yi musu ba: ƙoda ta yi rauni, ko gindin mafitsarar ma ya lalace, ko ba za su iya zura roba ba. Ga su, hanya mafi sauƙi kuma mafi aminci ita ce wadda Eugene Bricker ya bayyana a 1950. A yanko ɗan gajeren hanji kimanin santimita 15, a dasa bututan ƙoda biyu a kai ɗaya, ɗaya kan kuma a fito da shi ta fatar ciki, fitsari ya riƙa ɗiga cikin jakar da ke manne a jiki. Da yake fitsarin wucewa kawai yake yi ba ya kwanciya, tsotsar ba ta da yawa, babu zura roba, babu fargabar fashewa. Ga matashi, jin cewa zai rayu da jaka a ciki abu ne mai nauyi ƙwarai, wasu kan ƙi sam. Amma waɗanda suka yi shekaru a ɗaure a bakin bayi sukan ga jakar da wani ido daban. Ana kuma iya cire mafitsarar gaba ɗaya a ƙera sabuwa da hanji mai tsawon santimita 50 zuwa 60 a haɗa ta da hanyar fitsari, sai dai wannan ya fi kowanne neman ƙoda mai ƙarfi da mutum mai kula da kansa.

Da yake ba sankara ake cirewa ba, likita ba ya bukatar share duk abin da ke kewaye. Yana iya kiyaye jijiyoyin mazakuta ga namiji, da mahaifa ga mace. Tambaya ce da ya kamata marar lafiya ya yi kafin aiki ba tare da jin nauyi ba, domin mafi yawansu ba su yi aure ko haihuwa ba tukuna. Mace mai faɗaɗaɗɗiyar mafitsara na iya ɗaukar ciki ta haihu, amma tana bukatar kulawa ta kusa, idan kuma za a ciro jaririn ta tiyata ya kamata likitan fitsari ya kasance a wurin. Ga wani ɗan abu da ba kowa ya sani ba: majinar hanji na iya sa awon ciki na fitsari ya nuna akwai ciki alhali babu, don haka da awon jini ake tabbatarwa.

Wajibi ne kuma a gaya wa mutum gaskiya game da zafi. Tiyata na gyara girma da matsi kusan kowane lokaci, amma zafi ba kullum ba. Jijiyoyin da suka shekara suna aika saƙon ciwo kan saba, laka da ƙwaƙwalwa su ci gaba da jin wutar ko bayan an cire abin da ke ƙonewa. Wanda aka yi wa alƙawarin zai farka babu ciwo, ya farka ya tarar da saura, shi ne ya fi kusa da komawa ga tsohon maganinsa.

Bibiya kuwa ba ta da ranar ƙarewa. Kowace shekara akwai awon jini don ganin aikin ƙoda da tsamin jini, da hoton ƙoda da na jakar don neman tsakuwa ko sabuwar tsukewa. Ƙarshen ƙaramin hanji shi ne wurin da jiki ke tsotsar bitamin B12, kuma hanta na da ajiyar da kan kai shekaru kafin ta ƙare, saboda haka ƙarancinsa ba ya bayyana sai an manta da tiyatar. Idan ba a auna ba, yana zuwa da ƙarancin jini da mutuwar jijiyoyin ƙafa, alhali allura ce kawai maganinsa. Akwai kuma ɗan haɗarin sankara a wurin da hanji ya haɗu da mafitsara, wanda yawanci sai bayan shekara goma ko fiye yake tasowa, don haka duk jinin da aka gani a fitsari sai an leƙa da na'ura. Tsohon da aka yi wa irin wannan aiki yana da shekara 70 zai ɗauki wannan nauyi na shekara goma ko sha biyar. Wanda aka yi wa yana da shekara 25 zai ɗauke shi shekara hamsin, kuma tunda a 2007 aka fara bayyana cutar, waɗanda aka fara yi wa aikin saboda ketamin ko rabin wannan tafiya ba su yi ba tukuna.